Wuƙar Jamus a adakar gado: Wane yaƙi ta gani, kuma nawa ne kuɗinta?

Bayan sadakar arba'in ta wani dattijo a Oko-Oba da ke Agege, ’ya’yansa suka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa domin a lissafa abin da ya bari. Ɗaya daga cikinsu abokina ne tun muna makaranta, yanzu ma'aikaci ne a sakatariyar tarayya a Abuja, kuma shi ya turo mini hotunan abin da suka tarar. Akwai takardun fili, da tsohon carbi, da lambar yabo guda biyu da suka yi baƙi. A can ƙasa kuma ga wata wuƙa cikin kuben ƙarfe, an naɗe ta da ƙyallen saƙi.

Kowa a gidan ya san labarinta. Ta kakansu ce, wanda ya yi soja kafin ya zo Ikko fataucin goro ya zauna, kuma an ce a hannun wani hafsan Jamus ya ƙwato ta a yaƙin Burma. Nan take ra'ayi ya rabu. Wani ƙaninsu da ke sana'a a mayankar Oko-Oba ya auna ta a hannu, ya yaba ƙarfen, ya so a kai wa mai washi. Wani kuma ya ji an ce Turawa na sayen irinta da miliyoyi. Malamin da aka kira rabon gado ya tsayar da su duka biyun: wuƙar tana cikin dukiyar mamaci, mata ma suna da kasonsu a cikinta, don haka ba za a taɓa ta ba sai an san mece ce ita da kuma ƙimarta.

Matsalar farko tana cikin labarin kansa. Babu sojan Jamus a Burma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kai can a 1943 da 1944, da Japanawa suka gwabza a dazukan Arakan da kwarin Kaladan. Sunan barikin Arakan da ke Apapa daga can ya samo asali. Kafin nan, a 1941, sojojin Najeriya da suka ratsa Mogadishu zuwa Habasha da Italiyawa suka yi yaƙi. Sai dai a bakin mutanenmu "yaƙin Bama" ya zama sunan kowane yaƙin Bature, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo.

Inda kakanninmu suka yi gaba da gaba da Jamusawa shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a bayan gida aka yi shi. Kamaru a lokacin tana hannun Jamus. A watan Agustan 1914 dakaru suka tashi daga Yola suka nufi Garwa, aka koro su da mummunar asara, garin bai faɗi ba sai Yunin 1915. A dutsen Mora, Kyaftin Ernst von Raben da mutanensa sun yi tirjiya har Fabrairun 1916. Daga nan aka kwashi sojojin Najeriya zuwa Gabashin Afirka domin fafatawa da rundunar Paul von Lettow-Vorbeck. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ’yan Arewa sun yi yaƙi a ɓangarorin biyu. Chari Maigumeri, ɗan Borno da barikin soja na Lokoja ke ɗauke da sunansa, sojan Jamus ne da farko. An kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya yi Habasha da Burma, ya yi ritaya a 1953. Ke nan ƙarfen Jamus na iya shiga gidan Bahaushe a matsayin ganima, yana kuma iya zama kayan aikin da aka ba kakan da kansa.

To, yaya ake gane wacce ce a hannu? Wuƙaƙen sojan Jamus da ke yawo a duniya iri biyu ne manya, kuma ko da ido ana bambance su.

Akwai na ado, na zamanin Hitler, waɗanda hafsoshi ke ratayawa a faretin girma. Ta sojan ƙasa ta fito a 1935: ƙotarta fara ce ko rawaya ko ruwan lemo, a murɗe, a gindin ƙotar akwai gaggafa ta buɗe fukafukai tana riƙe da alamar ’yan Nazi, kubenta na ƙarfe ne mai ƙuraje-ƙuraje. Ta ƙungiyar SA ƙotar katako gare ta mai ruwan ƙasa, ta SS baƙa, kowacce da rubutun Jamusanci a jikin ruwanta. Kusan dukkansu a garin Solingen aka ƙera su, kuma kowane maƙeri da tambarinsa kusa da ƙota: kurege na Carl Eickhorn, sikeli na Alcoso, kwalkwalin jarumi na WKC. Waɗannan ba a yi su don yanka ba, ba su da kaifi tun daga masana'anta. Idan irin wannan ta bayyana a adakar tsohon sojan Najeriya, zai fi yiwuwa musaya ya yi da wani sojan Ingila, ko saye, ko kyauta daga maigidansa Bature. Wannan bai rage wa tsohon daraja ba.

Iri na biyu shi ne banati, wato wuƙar da ake kafawa a bakin bindiga. Alamarsa ba ta ɓuya: a ƙarshen ƙota akwai tsaga da maɓalli inda yake kama bindiga. A gadon bayan ruwansa, idan na zamanin sarautar Jamus ne, za a ga ƙaramin kambi, ƙarƙashinsa harafin W na Sarki Wilhelm na Biyu, sai lambobi biyu na shekara. Wasu suna da haƙoran zarto a baya. Akwai ma wani mai faɗin baki da sojojin Ingila suka yi wa laƙabi da wuƙar mahauta, abin da ya ba ƙanin abokina dariya da na gaya masa.

Hotunan da aka turo mini sun nuna tsaga da maɓalli, da haƙoran zarto, da kambi, da W, da 13. Sunan Erfurt, inda masana'antar makamai ta gwamnatin Jamus take, yana nan a jiki. An karɓi wannan ƙarfe a rumbun soja a 1913, shekara ashirin kafin Hitler ya hau mulki.

Batun kuɗi kuwa, gara a rage buri. Banatin Jamus an ƙera shi da yawan gaske, shi ya sa na gama-gari ba ya tsada. Wuƙar ado ta hafsan sojan ƙasa mai kyau takan tashi a ɗaruruwan daloli a gwanjon Amurka da Ingila, ta SS ta gaskiya takan kai dubbai, kuma saboda haka ne jabu ya cika kasuwar, har da waɗanda aka harhaɗa da ragowar kayan masana'anta bayan 1945. Abin da ke ɗaga farashi shi ne kube ya kasance na asali, tambari ya fito, ƙarfe bai sha guga ba, sannan a san hannun da ta bi. Ga banati irin na Oko-Oba, harufan rundunar mulkin mallaka ta Kamaru, in an same su a jikin abin kare hannu ko a kube, su ne za su fitar da shi daga sahun na gama-gari.

A nan ne mai washi ya fi ɓarawo ɓarna. Minti biyar a kan dutse sun isa su share tambari su cinye mafi yawan ƙimar. Haka ma takardar yashi da man goge ƙarfe. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun wadatar, a kuma ajiye ta nesa da damshin Legas, wanda ba ya tausayin ƙarfe.

Wanda ke tafiye-tafiyen aiki zai iya tunanin jefa ta a jaka ya kai waje. Ya dakata. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba, kuma gidan tarihi na Onikan ne wurin da ya kamata ɗan Legas ya fara tambaya. Idan mai alamar Nazi ce, sashe na 86a na dokar laifuffuka ta Jamus ya haramta baje alamar a fili, eBay ma ba ta karɓar irin kayan. Ni kaina ba na ganin abin alfahari a rataye wannan alama a falo, ganin yadda masu ita suka ɗauki baƙar fata.

Abu na ƙarshe da na roƙi abokina ya duba shi ne lambobin yabon nan biyu. Ingila ba ta rubuta suna a lambobin Yaƙin Duniya na Biyu ba, har da tauraron Burma, amma na yaƙin farko an buga wa kowace lambar soja da muƙami da suna da runduna. Ya sa tocilan wayarsa a gefen ta azurfar, mai kan Sarki George na Biyar. Sunan kakansu na nan, da lambarsa, da taƙaitaccen sunan rundunar Najeriya. Da wannan lamba ana iya neman katinsa a ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew.

Magadan sun amince a aika hotuna ga masu gwanjo biyu a waje domin a ji ƙima, sannan duk mai son riƙe wuƙar ya biya sauran kasonsu. Babbar yayarsu ce ta fara cewa tana so, da sharaɗin a haɗa mata da lambobin. Har lokacin rubuta wannan rahoto, adakar tana ɗakinta a kulle.