Daga Kotun Majistare Zuwa Kotun Ƙoli: Yadda Ake Yin Alƙali

Manomin Funtua ko Malumfashi zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa leƙa Kotun Ƙoli ba, amma da wuya ya rasa ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya taɓa tsayawa gaban majistare. Can ake kai wanda aka kama da buhun masarar wani, da makiyayin da shanunsa suka yi ɓarna a gona, da dillalin da ya karɓi kuɗin auduga ya yi ɓatan dabo. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe, a karanta tuhuma, a tambayi wanda ake zargi, "Ka aikata ko ba ka aikata ba?" Majistare kuwa yana duƙe yana rubuta kowace kalma da hannunsa. Abin da ya rubuta a ƙarshe, beli ko tsarewa, shi zai yanke ko mutum zai girbe amfanin gonarsa da kansa, ko kaka za ta wuce yana gidan yari.

Duk da haka ikonsa na da iyaka. Ba ya shari'ar kisan kai ko fashi da makami. Sai dai ya tsare wanda ake zargi, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, a miƙa maganar Babbar Kotu. Gado da aure kuwa na kotunan shari'ar Musulunci ne.

Wannan ƙaramar kujera ita ce matakin farko na manyan alƙalai da dama. Mai Shari'a Muhammadu Bello, haifaffen Katsina, ya zama majistare a Jihar Arewa a 1961. Ya shiga Kotun Ƙoli a 1975, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, ɗan Arewa na farko da ya riƙe muƙamin. Mai Shari'a Aloma Mukhtar ma ta yi aikin majistare kafin ta zama mace ta farko a kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012.

Akwai kuma masu bin wata hanyar. Mai Shari'a Mamman Nasir ya zama lauya a Landan a 1955, ya yi lauyan gwamnati, ya riƙe ministan shari'a a gwamnatin Sardauna. Ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sannan aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, har rasuwarsa a 2019. Wanda ya gaje shi, Mai Shari'a Sadiƙ Abdullahi Mahuta, shi ma alƙali ne, tsohon Babban Jojin Jihar Katsina.

To wa ke zaɓar alƙali? Majistare dai hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke ɗaukarsa, ta ƙara masa girma, ta hukunta shi idan ya karkace. Daga Babbar Kotu zuwa sama, tsarin mulkin 1999 ya sa hukumar shari'a ta ƙasa, wato NJC, a tsakiya: ita ke tantancewa ta ba da suna, gwamna ko shugaban ƙasa ya naɗa. Sai lauya ya shekara 10 da samun izinin aiki zai cancanci Babbar Kotu, 12 Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 Kotun Ƙoli, inda kuma dole Majalisar Dattawa ta amince. Tun 2023, alƙalan manyan kotuna kan yi ritaya ne suna da shekara 70.

A Amurka tsarin ya bambanta. Majistaren tarayya alƙalan kotun yankinsa ne ke zaɓarsa na wa'adin shekara 8. Idan shugaban ƙasa ya ba da sunansa don zama cikakken alƙalin tarayya, sanatoci za su yi masa tambayoyi a bainar jama'a, su tono hukunce-hukuncen da ya yanke a baya, domin in ya hau, kujerar tasa ce muddin rai.

A nan gida ma ƙofa ta fara buɗewa. A 2025 NJC ta yanke shawarar riƙa wallafa sunayen waɗanda ake son naɗawa, don jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: wanda ya saba ɗage shari'ar talaka sau goma babu dalili, ko ya mai da beli haja, ba ƙarin girma ne zai gyara shi ba. Mutanen da suka zauna a bencin kotunsa, lauyoyi da masu ƙara da 'yan kallo, su suka fi kowa sanin halinsa. Idan sunansa ya fito, mai ƙorafi ya rubuta da hujjarsa kafin wa'adi ya cika, domin tsige alƙali bayan rantsuwa ya fi hana naɗa shi wuya nesa ba kusa ba.