Wa Ake Yi Wa Tafi a Titi na 46?

A daren 19 ga Janairun 1971, a gidan wasan kwaikwayo na Titi na 46 da ke unguwar Broadway a birnin New York, wata dattijuwa da ta haye shekara 60 ta fito kan dandamali. Kafin ta ce uffan, zauren ya ɓarke da tafi. Can gaba kaɗan ta shiga gaban sahun samari da 'yan mata, ta kama rawar ƙwas-ƙwas, wadda ake dukan katakon dandamali da takalmi mai ƙarfe a dunduniya da kan yatsu har ƙafa ta koma abin kiɗa. Da ta ƙare, sai da wasan ya tsaya cik, don ihu da tafi sun hana 'yan wasa ci gaba. Sunanta Ruby Keeler. Wasan kuwa shi ne No, No, Nanette, tsohon wasan barkwanci mai waƙa da rawa wanda ya fara hawa Broadway a 1925. Ba a daren farko kaɗai aka yi wannan shewar ba. Sau 861 aka nuna shi, bai rufe ba sai a Fabrairun 1973, alhali na asalin, lokacin da yake sabo fil, sau 321 aka nuna shi a New York.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya ɗaure wa masu sana'ar kai. Amurka tana tsundum a yaƙin Biyetnam. Wata takwas kafin nan, dakarun tsaron jihar Ohio sun harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State. Wasannin da ke tashe su ne irin su Hair na 1968, mai zagin yaƙi, da Oh! Calcutta! na 1969, inda 'yan wasa ke tuɓewa tsirara, da Company na 1970, mai tonon asirin zaman aure. A cikin wannan yanayi aka kawo labarin wani attajiri, Jimmy Smith, mai buga littafin Baibul, wanda matarsa Sue ba ta son kashe kuɗi, shi ya sa yake ɗaukar nauyin wasu 'yan mata uku a ɓoye ba tare da wani mugun nufi ba. Ga kuma yarinyar da suke riƙo, Nanette, wadda duk abin da ta nema sai a ce mata a'a. Kowa ya sulale ya tafi gidan hutu a Atlantic City yana zaton shi kaɗai ne, aka yi kiciɓis, aka yi rigima, aka shirya. Iyakar labarin ke nan. Me ke cikinsa da zai sa mutanen da suka ga jini a talabijin da yamma su miƙe tsaye suna ihu da dare?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce begen zamanin da. Mutane sun gaji da tashin hankali, in ji masu wannan ra'ayi, sai suka koma ga ƙuruciyarsu, da tsohuwar zuma ake magani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1925 ya kai 66 a 1971. Zauren yana da kujeru fiye da 1,300, kuma a cikin shekara biyu kujerun da aka sa a kasuwa sun haura miliyan ɗaya. Tsofaffin da suka ga wasan asali ba za su cika su ba ko da kowa ya je sau uku. Mafi yawan masu tafin ba su taɓa ganin Nanette na 1925 ba, wasu ko haihuwarsu ba a yi ba.

Akwai kuma shaida mafi ƙarfi, 'yan tituna kaɗan daga nan. A watan Afrilun 1971 aka buɗe Follies na Stephen Sondheim da Harold Prince a gidan wasa na Winter Garden. Shi ma ya tara tsofaffin taurarin fim, su Alexis Smith da Gene Nelson da Yvonne De Carlo, shi ma ya cika da kiɗa mai salon shekarun 1920 da 1930, kuma a fagen gwaninta ya fi Nanette nesa ba kusa ba. An nuna shi sau 522, ya lashe kyaututtukan Tony bakwai, amma jarin da aka zuba masa, kusan dala 800,000, ya narke. Da a ce tsohon kiɗa da tsofaffin fuskoki kaɗai ake saye, da Follies ya yi ciniki. Bambancin shi ne Follies yana nuna tsofaffin 'yan rawa sun taru a gidan wasan da za a rushe, inuwar ƙuruciyarsu tana bin su a baya, yana ce wa ɗan kallo abin da kake bege yaudara ce. Mutane da dama sun fita jikinsu a sanyaye.

To ko dariya aka zo yi wa tsohon yayi? Wannan zato ma yana da madogara. A 1964 marubuciya Susan Sontag ta yi wata shahararriyar maƙala a kan ɗabi'ar jin daɗin abu saboda ya wuce gona da iri, kuma finafinan rawa na Busby Berkeley suna cikin misalanta. A 1968 wani ƙaramin wasa, Dames at Sea, ya yi suna da kwaikwayon waɗannan finafinai cikin zolaya, har jarumar da Bernadette Peters ta fito a matsayinta an raɗa mata suna Ruby. Matasan birnin sun saba da irin wannan kallo na gefen ido, ana so ana dariya. Sai dai Burt Shevelove, wanda ya sake fasalin labarin Nanette ya kuma ba da umarni, ya toshe wannan ƙofa da gangan. Bai bar 'yan wasa su ƙyafta wa zaure ido ba, wai su nuna sun san abin shirme ne. Masoya suna soyayya da gaske, mai kishi tana kishi da gaske. Wanda ya zo da niyyar ba'a bai sami abokin yi a kan dandamali ba. Kuma duk wanda ya taɓa zama a taro ya san sautin dariyar raini daban, sautin mutanen da abu ya taɓa musu zuciya daban. Na biyun ne aka riƙa ji a Titi na 46.

A nan ne ya kamata a duba takardar talla da kyau, don ita ta ɓoye bakin zaren. Sunaye biyu ne suka ja mutane: Ruby Keeler da Busby Berkeley. Babu ɗayansu da ke da alaƙa da Nanette na 1925. Vincent Youmans ne ya yi kiɗan, Irving Caesar da Otto Harbach suka rubuta waƙoƙin, Harry Frazee ya ɗauki nauyi. Keeler da Berkeley mutanen fim ne, na kamfanin Warner Bros., kuma shekararsu ita ce 1933, wadda a cikinta suka fitar da 42nd Street da Gold Diggers of 1933 da Footlight Parade. Harry Rigby, wanda ya kawo shawarar farfaɗo da wasan, shi ya haɗa wannan aure tsakanin wasan 1925 da taurarin 1933. Daga baya suka ɓata da Cyma Rubin, mai riƙe da jakar kuɗi, aka ture shi gefe, maganar ta kai ga shari'a. Berkeley kuwa, yana da shekara 75, ƙarfinsa ya riga ya tafi. An bar sunansa a matsayin mai sa ido, amma Donald Saddler ne ya tsara raye-rayen. Ralph Burns ya sake ɗinka kiɗan da kayan zamani. Su kansu masu tallar sun kira shi sabon wasan 1925, kuma ba su yi ƙarya ba.

Ashe abin da 'yan kallo suka sani ba 1925 ba ne, fuskar Ruby Keeler ce. A 1956 aka sayar da tsofaffin finafinan Warner ga masu rarraba wa gidajen talabijin, aka yi ta haska su da tsakar dare shekara da shekaru. Dattijo ya san ta daga silima a lokacin da bankuna suke rufewa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi. Jikansa ya san ta daga akwatin talabijin a falo. Tsara biyu da suke faɗa a kan yaƙi da tsawon gashi sun sami mutum ɗaya da suka sani tare.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce ta fi wuya. Keeler ba ita ce gwanar wasan ba. Matsayin Sue da ta riƙe ba shi da yawa, muryarta ba ta taɓa zama abin yabo ba, rawarta ma mai nauyi ce, irin ta tsohon salo da ake dukan ƙasa da ƙarfi, ƙafa tana aiki, sauran jiki yana biye. Ita da kanta ba ta taɓa da'awar fin kowa ba. Da aka zo rabon kyaututtukan Tony, Helen Gallagher ce ta karɓi ta babbar jaruma, Patsy Kelly, wadda ta fito a 'yar aikin gida mai tsiwa, ta karɓi ta mataimakiya, Saddler ya karɓi ta tsara rawa, Raoul Pène du Bois ta sutura. Sunan Keeler ko cikin 'yan takara bai shiga ba. Amma ita ce ke tsayar da wasan.

Sai an koma fim ɗin 42nd Street za a gane. A cikinsa Keeler ita ce Peggy Sawyer, baƙuwar yarinya a sahun 'yan amshi. Ana gobe buɗe wasa babbar jaruma ta karye a idon sawu, aka tura Peggy ta maye gurbinta, abincin mutanen gidan wasan duka ya rataya a wuyanta. Kowa yana fargabar za ta faɗi, ita ma tana rawar jiki, sai ta fita ta yi. A rawar ƙarshe an ga ta a kan rufin motar tasi, tana dukan ƙarfe da ƙafa, ba gwaninta ce ke fita daga fuskarta ba, ƙoƙari ne tsagwaronsa. Mutanen 1933 da suka rasa aiki sun so ta don wannan ƙoƙarin.

A 1971 wannan labari ya fito daga cikin fim ya zama gaske. Rabon Keeler da dandamalin Broadway tun 1929, a wasan Show Girl na mai shirya wasanni Ziegfeld. Bayan rabuwarta da mawaƙi Al Jolson ta auri John Lowe a 1941, ta ajiye sana'a, ta zauna a California ta reni 'ya'ya. Mijin ya rasu a 1969. Duk mai zaune a zauren ya san wannan, ya kuma san cewa a fim ana yankewa a sake ɗauka, sau da yawa ma ƙarar takalmin daga baya ake naɗar ta. A dandamali babu wannan sutura. Rawar ƙwas-ƙwas ba ta da maɓoya: in ƙafa ta makara da ƙiftawar ido, na kujerar ƙarshe zai ji. Saboda haka idan makaɗa suka ɗauki waƙar I Want to Be Happy, dattijuwar ta matso gaba, samarin da ba su kai 'ya'yanta ba suka jeru a bayanta, fargabar da ke cikin zauren ta gaske ce. Kowa ya kasa kunne. Ƙwas na farko ya faɗi daidai, na biyu ya biyo, sahun baya ya amsa mata da ƙafa ɗaya, ƙarar ta cika ɗakin. Gani ya kori ji. Ihun da ke biyo baya na mutanen da suka riƙe numfashi ne suka sake shi. Ina ganin a nan ne shawarar Shevelove ta biya kuɗinta: da ya bari an yi zolaya ko sau ɗaya kafin wannan rawa, da ɗan kallo ya sami hanyar tsayawa nesa, kuma da ba zai ji tsoron faɗuwarta ba. An mutunta matar, shi ya sa zauren ma ya mutunta ta.

Abin da ya biyo baya ya gwada wannan bayani. Masu kuɗi sun ɗauka sun gano sirrin: a nemo tsohon wasa, a nemo tsohuwar tauraruwa. Rigby ya kawo Irene a 1973 da Debbie Reynolds, ya yi kasuwa gwargwado. A ƙarshen 1974 ya kawo Good News, wasan 1927, da Alice Faye, wadda ta yi sarauta a finafinan waƙa na kamfanin Fox. Duk kayan haɗin suna nan, amma sau 16 kacal aka nuna shi a Broadway ya rufe. Wanda ya fi kusa da gane abin da aka saya a Titi na 46 shi ne mai shirya wasanni David Merrick. A 1980 ya ɗauko labarin Peggy Sawyer kansa ya mai da shi wasan dandamali, Gower Champion ya tsara shi, ba tare da wata tsohuwar tauraruwar fim a matsayin yarinyar ba. Da za a fara, labule yakan ɗaga ne zuwa gwiwa kawai ya dakata, ba a ganin komai sai ƙafafu masu yawa suna dukan katako tare. An nuna wannan 42nd Street ɗin sau 3,486.