Kududdufin Baba a Tsakar Gidanmu na Nima

Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, ya bar fataucin goro, ya zama mai yawan shiru. Wata safiya na kai masa koko, sai ya ce: "Ka san rabon da in ji kukan kurciya? A Nima ba ka jin komai sai hon ɗin trotro." Maganar ta tsaya mini a rai.

Na samo tsohuwar tankin roba, na yanke ta biyu, na kafa rabi a gindin darbejiyar tsakar gida, na cika da ruwa. Kafin mako biyu tsutsar sauro ta yi baƙi ƙirin a ciki. Hajiya maƙwabciyarmu ta tare ni: "Ɗana, tsuntsaye kake kiwo ko zazzaɓi? Sauron gwata bai ishe mu ba?" Gaskiyarta. Gidan haya ne, iyali biyar, ga yara ƙanana.

Wani mai kiwon kifi a Ashaiman ya ba ni shawara in zuba 'ya'yan karfasa, don suna cinye tsutsar. Ya ce kar in haɗa su da tarwaɗa, ita ƙananan kifi take haɗiyewa. Ya kuma ce ruwan famfo sai ya kwana biyu kafin a saka kifi, saboda maganin da ke ciki. Na sayo goma sha biyu. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta ɓace.

Hankaka ne ya fara zuwa, kuma ba ruwa ya kawo shi ba. Kifi huɗu ya ɗauke mini. Nan na gane kurciya da ƙananan tsuntsaye ba ruwansu da kifi, wurin sha da wanka suke nema, marar zurfi. Sai na rufe tankin da ragar ƙarfe, wadda ta tsare kifin, ta kuma tsare yara, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. A kan ragar na ɗora faranti mai faɗi, ruwan bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, da duwatsu a ciki. Kullum da asuba ina sauya shi.

Da hunturu ya shigo, kurciyoyi biyu suka sauka. Yanzu sun kai shida.

Na ba Baba labarin tafkin Sakumono, kusa da Tema, wanda aka sa cikin wuraren da duniya ke karewa a 1992, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi watanni su koma. Ya yi dariya: "Ashe su ma 'yan ci-rani ne."

Idan za ka gwada, fara neman yardar mai gida da maƙwabta, kuma ka sayi raga kafin kifi. Hajiya ce yanzu ke watsa wa kurciyoyin gero.