IDAN TIKITIN JIRGIN ƘASA YA ƁACE, INA MAFITA?

Mutanenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba baƙin jirgin ƙasa ba ne, ko da yake layin dogo bai ratsa ta garuruwan nan uku ba. Tashar Funtuwa ita ce tamu tun zamanin kakanni, domin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ta nan audugarmu da gyaɗarmu suka riƙa fita zuwa bakin teku, ta nan kuma iyayenmu suka riƙa tafiya Zariya da Kaduna. Daga baya harkar ta lalace, motocin haya suka karɓe fasinja, har aka sami samari da yawa waɗanda ba su taɓa riƙe tikitin jirgi a hannu ba.

Da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, mai tsawon kilomita 186, sai mutanenmu suka sake komawa jirgi, musamman saboda halin da hanyar mota ta shiga na masu satar mutane. Mai zuwa asibiti, da ɗalibi, da mai bin kuɗin fansho, da mata masu zuwa taron zumunta, duk sai su bi mota ta Funtuwa da Zariya, su je Rigasa su hau. To, komawar nan ta zo da wata matsala da ba mu saba da ita ba, wato ƴar takardar nan da ake kira tikiti, da abin da kan sami mutum idan ta ɓace.

Abin ya taɓa faruwa da ni. Na raka wani kawuna ganin likita, muka sayi tikiti biyu, na biya da katin banki. Kawu ya ce shi zai riƙe nasa, ai shi ba yaro ba ne. Ya ninke shi ya cusa cikin hula kamar yadda dattawanmu kan yi. A wurin bincike aka sa ya tuɓe hular. Ba mu tuna da zancen ba sai da jirgi ya yi nisa, mai duba tikiti ya tsaya a kanmu.

"Baba, ina tikitinka?"

Kawu ya zazzage hula, ya lalube aljihun riga da na ƴar ciki, babu. Mutanen tarago suka zuba mana ido. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a ɗauke shi, da furfurarsa, a matsayin wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya. Nan da nan ya fara ɗaga murya. Na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, yi haƙuri, bari in yi magana." Na juya wurin ma'aikacin na ce, "Yallaɓai, mun saya, ga saƙon banki a wayata." Ya duba, ya ce ya gani, amma shi abin da aka ba shi umarni ya karɓa tikiti ne, saboda haka sai mun sake biya.

A gaskiya ban ga laifinsa ba. Shi bai san Kawu ba. Kowace rana yana jin "ya ɓace" daga bakin mai gaskiya da marar gaskiya, kuma fuska ba ta nuna bambanci. Wani fasinja a bayanmu ya raɗa mini cewa in ba shi na goro kawai zance ya mutu. Ban bi shawarar ba, ma'aikacin ma bai nemi haka ba. Banda kasancewar abin ba daidai ba ne, kuɗin da aka miƙa a ɓoye ba shi da shaida, wanda ya bayar kuwa ya rufe wa kansa ƙofar koke har abada. Muka biya daga kuɗin maganin Kawu, na ce a ba ni rasit mai kwanan wata, aka ba ni. Na rubuta lambar tarago da ta kujera a bayansa.

Wannan rasit shi ne jarin mai koke. Da muka sauka na nemi ofishin shugaban tasha, na tambayi inda ake kai ƙorafi. Na rubuta takarda gajeriya: ranar tafiya, lokacin jirgi, sunan Kawu, abin da muka biya da fari, abin da muka sake biya, da abin da muke roƙo. Na haɗa da kwafin rasit da na bayanin banki, na riƙe na ainihi a wurina. Na kuma sa aka buga hatimi a kan kwafina, don kada wata rana a ce takardar ba ta iso ba. Ban zagi kowa a ciki ba, ban kuma ɓoye cewa mu muka yar da tikitin ba. Mutanenmu da yawa idan sun zauna rubuta koke sai su cika shafi uku da tarihin wahalarsu, a ƙarshe mai karantawa ya rasa abin da ake so ya yi. Wanda bai iya rubutu ba, sakataren ikilisiya ko malamin makaranta zai taimaka masa cikin minti goma.

Wani zai ce ai wannan wahala ce a kan kuɗi kaɗan. A Ingila, inda aka fara harkar jirgin ƙasa, ba su ɗauke ta ƙaramar magana ba. Tun watan Janairu na 2023, wanda aka samu babu tikiti a can ana cin tararsa fam 100 bayan kuɗin tafiyar, amma idan ya biya cikin kwana 21 sai ta koma fam 50. Yana kuma da kwana 21 na ɗaukaka ƙara, matakai har uku, na ƙarshen a gaban wani kwamiti da ba ya ƙarƙashin kamfanin jirgin. Ko a can ɗin, faɗin "ya ɓace" da baki kawai ba ya fid da mutum, sai ya kawo shaidar saye.

Mu ma nan muna da wuraren zuwa, rashin sani ne ya yi mana yawa. Idan ofishin da aka kai wa koke ya yi shiru, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, tana da ofishi a kowace jiha har da Katsina, kuma ba a biyan ko kwabo. Sai dai dokarta ta gindaya sharuɗɗa biyu da ya kamata a kiyaye: mutum ya fara bin hanyar koke ta ma'aikatar da yake ƙorafi a kanta, kuma kada ya bari wata 12 ya wuce daga ranar da abin ya faru. Akwai kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa.

A layin Abuja zuwa Kaduna abubuwa sun sauya tun Janairun 2021, lokacin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta fara sayar da tikiti ta intanet. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, aka dakatar da zirga-zirga har zuwa Disamba na shekarar, da aka dawo kuma sai aka ce mai sayen tikiti ya kawo lambarsa ta ɗan ƙasa. Wannan ya zama alheri ga mai gaskiya, tun da sunansa yana cikin kwamfuta, takarda ta ɓace ko ba ta ɓace ba. Amma tarko ne ga wanda ya sayi tikiti a hannun ɗan kamasho a bakin tasha. Tikitin da ke ɗauke da sunan wani, ko yana hannunka ba naka ba ne, balle ya ɓace. Wane suna za ka rubuta a takardar koke? Na san gaggawa da rashin kujera ke kai mutane ga haka, amma in da hali gara a kwana a jira jirgin gobe.

Ga mai waya, ya ɗauki hoton tikiti tun yana gaban mai sayarwa, kafin ya ɗaga ƙafa. Idan kuna tafiya ƙungiya, mutum ɗaya ya rubuta sunaye da lambobin kujeru a littafi. Wannan ɗabi'a za ta yi mana amfani nan gaba, domin a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Daura, Katsina da Jibiya.

Namu koken ya ɗauki mako biyar, na kuma koma sau biyu ina tuni. A zuwa na uku aka mayar mana da kuɗin da muka biya na biyun. Da na kai wa Kawu, bai ko ƙirga ba. Takardar amsar ya karɓa, ya sa na karanta masa wurin da aka rubuta cewa an duba an tabbatar ya sayi tikitinsa tun farko, ya ce in maimaita. Sa'an nan ya ninke ta sau huɗu, ya tuɓe hula zai cusa, sai ya dube ni, ya miƙo mini ya ce, "Ungo, kai ka ajiye."