Daga Kakuri zuwa Augie: Wa Ke Ƙirga Harsashi?

Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu zai tarar da māsu da takubba da baka da kwari da bindigogin gargajiya, kayan yaƙin Kabawa na zamanin da ake iya ƙirga makamin sarki da ido. Yau kuwa harsasan da ake kai wa sojan Barikin Dukku a Birnin Kebbi sun fi ƙarfin ido. Sai littafi.

Tun 1964 Najeriya ta kafa hukumar ƙera makamai ta DICON, masana'antarta tana Kakuri a Kaduna, kuma kamfanin Fritz Werner na Jamus ne ya ɗora harsashin aikin. A Nuwamban 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar hukumar, wadda ta faɗaɗa ikonta. Ana ta zancen sababbin injina da motocin sulke irin su Ezugwu. Ni abin da ya fi damuna shi ne sito.

Harsashi guda haɗin abu huɗu ne: kwanso, albarushi, ƙwayar da ke fita, da 'yar hular da ke tayar da wuta. Ɗaya ya yanke, injin ya tsaya, ko da sauran ukun sun cika ɗaki. Don haka dole mai kula da sito ya san abin da ya rage da kwanakin da sabon kaya zai yi a hanya, balle wanda ake shigowa da shi daga ƙetare. Idan an gama ƙira, kowane rukuni yana samun lambarsa a jikin akwati, bindiga kuma kowace da tata. Da wannan lamba ake janye rukunin da ya yi aibi, da ita ake gane daga wane sito makami ya sulale.

Albarushi ma yana tsufa, zafi kuma na gaggauta lalacewarsa. Wanda ya san Afrilun Kabi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san dalilin da ya sa ƙa'ida ta ce wanda ya fara shiga shi zai fara fita, kamar yadda manomi ke cinye tsohuwar shinkafa kafin ya taɓa sabuwa. Sito kuma yana iya fashewa: fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairun 2002 ta ci rayuka fiye da 1,000.

Ɓatan makami ya fi fashewa yawa, don shi ba ya ƙara. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta sa wa makami alama da adana bayanansa. Rubutu dai yana nan.

A Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutane fiye da goma a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie ta masarautar Argungu. Kwanson da aka tsinta a wuri irin wannan galibi yana da tambari a gindinsa, kuma tambarin kan nuna masana'antar da ta ƙera shi, sau da yawa har da shekara. Abin da tambari ba zai faɗa ba shi ne wanda ya sa hannu ya karɓi akwatin. Wannan sai an buɗe littafin sito, in an cika shi.