Amsa-kuwwa a Masallacin Kilomita Biyar da Lissafin da ke Bayanta

Babban masallacin Bangui da ke unguwar Kilomita Biyar, wanda Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba, 2015, yana da halin kowane gini mai faɗi da bango mai tauri, wato yakan sauya muryar liman kafin ta kai ga sahun baya. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka bangon da ke nisan mita 17 yakan maido da murya bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ta dawo da rauni ta hau kan kalmar da ake furtawa a lokacin. Lissafin wannan hawa kan juna shi injiniyoyi ke kira konbolushan.

Kafin a soma shi, sai an san martanin ɗakin, wato abin da ake ji idan aka tafa hannu sau ɗaya: ƙara mai kaifi, sannan amo mai raguwa har ya mutu. Sharaɗin shi ne ɗakin ya tsaya kan hali ɗaya, abin da masallacin Juma'a bai cika yi ba, domin tufafin jama'a suna shanye amo idan sahu ya cika.

Hanyar yin lissafin da zane tana buƙatar takarda biyu. A ɗaya ana zana ƙarfin muryar bisa layin lokaci, a ɗayar kuma martanin ɗakin, sannan a juya ta biyun ta yadda farkonta zai koma ƙarshe, a riƙa zamar da ita a kan ta farko taki-taki. A kowane matsayi sai a ninka lambobin da suka fuskanci juna, a tara sakamakon, jimlar kuwa ita ce abin da kunne ke ji a wannan lokacin. Juyawar ce ke rikita ɗalibai, alhali dalilinta a fili yake: sautin da aka furta tun ɗazu ya riga ya kai wutsiyar amonsa, na yanzu kuwa yana farkonsa, don haka dole tsohon sauti ya haɗu da ƙarshen martani.

Idan ƙarfin murya ya kasance 3, 2, 1, ɗakin kuma yana ba da ita cikakkiya sannan ya maido da rabinta a taki na gaba, za a ji 3, sai 2 da rabin 3 wato 3.5, sai 1 da rabin 2 wato 2, daga ƙarshe 0.5 bayan liman ya yi shiru.

Wayar salular ɗan kasuwar Kilomita Biyar tana fuskantar matsala iri ɗaya, domin saƙon rediyo yakan iso ta hanyoyi da yawa bayan ya bugi rufin kwano da katanga. A tsarin GSM ana cusa wani sanannen jeri na ɗigon bayanai 26 a tsakiyar kowane ƙunshin saƙo, wayar ta kwatanta abin da ya iso da abin da ta riga ta sani, ta ƙiyasta martanin hanyar, sannan ta warware cakuɗar.