Ko Ka San Ainihin Aikin Madubin Hangen Taurari?

Yawancin mutane sun ɗauka aikin madubin hangen taurari shi ne ƙara wa abu girma. Wannan yana ciki, amma babban aikinsa tara haske ne. Ƙofar da haske ke bi ya shiga idon mutum ba ta cika wuce faɗin milimita 7 ba ko da cikin duhu, shi ya sa taurari masu raunin haske suke ɓuya mana. Wanda ya tari ruwan sama da kwalba da wanda ya tara da baho ba za su tashi da ruwa ɗaya ba. Babban madubin da aka buɗe a Sutherland ta Afirka ta Kudu a 2005, wanda ake kira SALT, an harhaɗa shi ne da ƙananan madubai 91, faɗinsa kusan mita 10, kuma hasken da yake tarawa ya ninka na ido fiye da sau miliyan ɗaya. An kafa shi a kan tudu, nesa da gari, domin fitilun birni da ƙura suna dusashe hasken da ya sha doguwar tafiya kafin ya iso.

Wannan ne ya sa kai ɗalibai cibiyar nazarin taurari ya fi ƙarfin yawon buɗe ido, don gani ya kori ji. Yaron da ya saba ƙirga taurari shida ko bakwai a Kaza da 'Ya'yanta, idan ya leƙa madubi zai tarar da gommai. Zai ga Zara tana cika tana raguwa kamar wata, ya kuma ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari, yadda Galileo ya gan su a 1610 da ɗan madubin da ya haɗa da hannunsa. A nan yake gane cewa abin da ke cikin littafi ana iya tantance shi da ido.

Wani zai ce hotunan na'urar James Webb, wadda aka harba a Disambar 2021, suna nan a waya, kuma sun fi kyau nesa ba kusa ba. Haka ne, sai dai wannan na'ura tana ɗaukar irin hasken da ido ba ya gani ne, masana su sa masa launi daga baya. Hoton yana nuna sakamako, amma ba ya koya wa yaro yadda aka kai gare shi. Wani kuma zai ce kallon taurari duba ne. Mai duba yana da'awar sanin gaibu, shi kuwa masanin falaki awo da lissafi yake yi. Malaman Musulunci ma sun yi fice a wannan fanni: Nasiruddin Tusi ya fara gina cibiyar Maraga a Iran a 1259, ƙarni uku da rabi kafin a ƙera madubin hangen nesa na farko a Holan a 1608.

Saura batun kuɗi. Madubi mai faɗin santimita 10 ya isa ya nuna ramukan wata da zoben Zuhal, kuma ƙauyukanmu suna da duhun daren da manyan birane suka rasa. Makarantar da ba ta iya kai ɗalibanta cibiya ba, ta nemi ƙaramin madubi, ta zaɓi daren da babu hazo, ta fito da su fili. Iyaye da malamai, a taimaka yaranmu su ga sama da idonsu.